Wa Ya Kwashe Simintin Briketeri?

Ana sallame sallar Juma'a, mutane ba su ma gama laluben takalmansu ba, sai ihu ya taso daga gangaren unguwar Briketeri. An fasa magazen, ɗakin ajiyar kaya na shantiye, wato filin gini, an kwashe siminti buhu ɗari uku!

Wanda bai san unguwar ba zai ce mene ne abin ihu a kan siminti. To shekara uku ke nan da gobara ta lashe layi guda a ƙasan unguwa, ta bar iyali ashirin da huɗu a rakuɓe a bayan gidajen mutane. An yi zarya har an gaji kafin gwamnati ta ba wa meri, wato ƙaramar hukuma, kuɗin gina musu ɗaki da falo ashirin da huɗu masu sauƙin haya. Rabin kuɗin aka saki. Sauran rabin sai an turo masu duba aiki sun ga kaya da idonsu, kuma ranar Litinin za su zo. Meri ta damƙa sayen kaya a hannun kwamitin unguwa, kwamiti kuwa Alhaji Baha'uddeen ne shugabansa, ɗan ƙanwarsa Zakiyyu ke riƙe da makullin magazen.

Kafin Malam Mu'azu ya iso, an riga an yanke hukunci. An kama Sabiru mai gadi, wani Bakatsine da bai cika shekara biyu a Yawunde ba, an yaga masa riga, leɓensa na jini.

"Ɗan Nijeriya ne! Dama mun faɗa!"

"Ko takardar zama ba shi da ita, aka ba shi amanar gidajenmu!"

Mu'azu bai ko dubi Sabiru ba. Ƙasa yake kallo, ransa na tafasa. Shekara talatin ya yi a kasuwar shanu ta Etudi yana bin sawun dabbobin da aka sace, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar taron jama'a a kan sawu. An yi ruwa daren jiya, jar ƙasar nan ta yi laushi, komai ya fito raɗau, ga mutum ɗari suna ta dirzawa da ƙafafunsu.

"Ku ja baya!" ya daka tsawa. "Kai mai hular nan, ɗaga ƙafarka! Haba jama'a, ko shanun Etudi sun fi ku sanin inda za su taka!"

Aka ja baya, don an san bakinsa. Ya sa aka karɓo robobin wanki daga gidajen kusa, ya bi yana kife su a kan ɗan abin da ya rage.

Alhaji Baha'uddeen ya matso, babbar rigarsa ta Juma'a sai ƙamshi take. "Malam Mu'azu, gara da ka zo. Ka bi mana sawun nan, mu san inda yaron nan ya kai kaya. Ai kai ma abin ya shafe ka. Yayarka Jaratu ce ta tara a lis, ko na manta?"

Bai manta ba, Mu'azu ma bai manta ba. Yaya Jaratu ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Yanzu ta haura sittin da biyar, ba miji, ba ɗa a raye, tana kwana a wata rumfar katako da ke jingine da shingen shantiyen nan, daidai bayan magazen. Shi da ke haya a ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya huɗu, ba shi da inda zai sa ta. Ɗakin nan na tara shi ne kaɗai abin da take jira a duniya.

"Zan bi," ya ce. "Amma kada wanda ya ƙara taɓa yaron nan. A kai shi zauren mai unguwa."

* * *

Sawun bai da wuyar karantawa. Tayoyi biyu ne na pus, kurar hannun nan da ake dakon kaya da ita, sun fita ta ƙofar baya sun gangara. Mu'azu ya ƙirga zuwa da dawowa sau shida. Ya bi su ta lungu, ya tsallake kwata, ya rasa su a kan kwalta, ya sake tsinto su a gefen wata mai soya doya. Suka kai shi har gindin mangwaron da 'yan pus ke ajiye kurayensu.

Shugabansu Babba, wani ƙaton mutumin Marwa, yana ganin taron da ke bin Mu'azu a baya ya miƙe da sanda.

"To, an zo wurin talaka! Duk abin da ya ɓace a Briketeri, 'yan pus ne. Wallahi wanda ya taɓa ni yau, sai an ɗauke shi a pus ɗin!"

"Ajiye sandar, Babba. Tambaya na zo yi. Wannan ta ƙarshen, ta wa ce?"

"Tawa ne."

"Wa ya fita da ita lokacin salla?"

"Mi anndaa, ban sani ba. Duk muna masallaci. Nan muke barin su kullum, wa zai saci pus?" Ya dubi kurar, ya yamutsa fuska. "Amma wani ya taɓa. Mu hannu wajen bishiya muke juyawa. Wannan ya bar hannu a hanya kamar jaki."

Jama'a suka fara guna-guni, wasu na cewa ai ga abokin satar Sabiru nan an samu. Mu'azu ya shafa cikin kurar da tafin hannunsa, ya duba. Akwai tsatsa, akwai ɓurɓushin katako. Farar ƙurar siminti ko kaɗan babu, kuma ba a wanke ta ba.

"Buhu nawa take ɗauka?"

"Goma. In mutum yana son mutuwa, sha biyu."

"Buhu ɗari uku fa, a cikin sa'a ɗaya?"

Babba ya fashe da dariya har sandar ta faɗi. "Ko aljani! Sawu talatin ke nan, Malam. Kuma a gangaren can? In ka ɗora buhu goma, ba ka tura pus, ita ke janka. Sai ka kafa diddige, ka yi ta karkacewa hagu da dama. Wanda ya miƙe sak, sai a tsince shi a cikin kwata da karyayyen ƙugu."

Mu'azu ya koma gangaren shi kaɗai, ya ɗaga robobin ɗaya bayan ɗaya. Sawun tayoyin ya miƙe sak, bai nutse ba ko rabin yatsa. Mai turawar kuma a kan yatsu yake tafiya, da takalmi rufaffe mai santsin ƙasa, irin na masu zama a ofis. Ya tsuguna a nan ya daɗe, har mai doyar ta tambaye shi ko lafiya.

* * *

A zauren mai unguwa ya sami Sabiru zaune a ƙasa, an ɗaure masa ƙafa ɗaya da ginshiƙi kamar akuya.

"Baba, wallahi tallahi ban ɗauki ko cokali ɗaya ba. Matata na da ciki wata takwas. In suka kai ni komisariya wurin 'yan sanda ba takarda, na san ba zan fito ba."

"Bar rantse-rantse, ka amsa mini. Ina ka yi salla?"

"Can unguwar Madagaskar."

"Mai gadi a Briketeri, salla a Madagaskar?"

"Kullum a bakin shantiye nake yi, sahu yana kawowa har wurin, ina ganin ƙofa. Yau Zakiyyu ya ba ni ambulan ya ce in kai wa wani mai sayar da ƙusa, in jira amsa. Na jira har aka tayar da iƙama."

"Ka taɓa shiga magazen?"

"Ko sau ɗaya. Shi yake buɗewa, ya miƙo wa magina buhu biyu ko uku daga bakin ƙofa, ya rufe. Daga waje dai ana hango tulin a can ciki, an lulluɓe shi da tamfol har kusa da rufi. Ya ce saboda danshi."

"Tamfol ɗin fa, yana ina yanzu?"

"Ai... har shi suka tafi da shi, Baba."

Da Mu'azu ya tare Zakiyyu da maganar aike, saurayin bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. "Oui, na aike shi. Minti ashirin ne zuwa da dawowa. In ya tsaya shirya wa abokansa hanya, c'est pas mon problème, ba ruwana." Silifas ne a ƙafarsa, sababbi fil, har da ɗan farin lakabin kanti a diddigen.

* * *

Sawu da sassafe ake karanta shi, lokacin da rana ke kwance tana ba kowane ɗan rami inuwa. Don haka Asabar da sassafe Mu'azu ya sa aka buɗe masa magazen, ya hana kowa shiga. Ɗaki ne na katako da tsohon kwano, daɓensa ƙasa. A bakin ƙofa ga shatin buhuna nan a fili, ƙasa ta danne ta yi sumul, farin gari ya zagaye ta. Ya auna da idonsa, wurin bai wuce na buhu arba'in ba.

Daga nan zuwa bango, inda aka ce tulin ɗari uku ya kwana wata biyu, ƙasa a sake take. Shatin gindin ganga ya gani guda shida, da ɓurɓushin katakon da aka gitta a kansu. Sai kuma wani abin da ya sa ya durƙusa: sawun kaza, ko'ina, tsoho da sabo, wani a kan wani. A kusurwar can ta ƙarshe ga ɗan gurbi an tona, an cika shi da gashin ciki da tarkacen takarda. A ciki akwai ɓawon ƙwai bakwai, kowanne an fasa shi daga kai yadda ɗan tsako ke yi, da guda ɗaya da ya ƙi ƙyanƙyashewa.

Kaza kwana ashirin da ɗaya take kwanci, ban da kwanakin da ta yi tana saka ƙwan. Ba kazar da za ta yi kwanci a ƙarƙashin buhu ɗari uku. Ashe ba a saci komai ba! Ba a taɓa sayen simintin ba. Buhu arba'in aka jera a bakin ƙofa don idon mutane, magina na ɗiba har suka ƙare, aka kafa ganguna, aka rufa tamfol. Da Litinin ta matso, aka kwashe gangunan a pus, aka karya kwado, aka nemo baƙo marar gata aka rataya masa. La'anannu! A kan mutanen da wuta ta bari da kayan jikinsu!

Ƙananan sawun 'yan tsaki sun bi ta wata kafa a ƙasan katako. Ya zagaya ta waje ya bi su, ko taku goma ba su yi ba suka shige rumfar Yaya Jaratu.

Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana watsa tsaki, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka.

"Mu'azu, zo ka ga ikon Allah! Kazar nan tawa wake-wake da na ce an sace, har na yi wa matan layin nan tas? Jiya ana cikin salla sai ga ta a guje da 'ya'ya bakwai, kamar an koro ta. Yanzu da wane ido zan kalli mutane?"

"Yaushe ta ɓata, Yaya?"

"Ranar sunan jikar mai unguwa ne na daina ganinta gaba ɗaya. Yau sati uku da kwana biyu. Me ya faru ka yi wani iri? Ka karya kuwa?"

Ya ce ya karya. Ta shiga ba shi labarin yadda za ta yi wa kajin akurki a bayan ɗaki na tara, in an ba ta makulli. Ya zauna yana cewa to, to, har ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

* * *

Bai je neman Alhaji ba, Alhaji ne ya zo. Ranar Lahadi bayan la'asar mota ta tsaya a bakin teburin mai shayin da Mu'azu ke zama, aka sauke gilashi, aka ce ya shigo su gaisa.

"An ce ka daɗe a magazen jiya."

"Na daɗe."

"Me ka gani?"

"Abin da kai ma ka sani, Alhaji."

Alhaji Baha'uddeen ya yi murmushi, ko gezau. "To bari in gaya maka abin da kai ba ka sani ba, don kai dabbobi ka sani, ni kuwa na san gwamnati. In madam ɗin da aka turo duba aiki ta zo gobe ta tarar an yi sata, ga ɓarawo a hannu, ga takardar komisariya, za ta rubuta ƙaddara. A saki sauran kuɗi, a ci gaba da gini. Kafin azumi mutane na cikin ɗakunansu. In kuwa ta ji wata magana daban, rufe dosiye za a yi, fayil ɗin aikin gaba ɗaya. Unguwa nawa ke layi suna jiran kuɗin nan? A ranar za a juya shi wani wuri. Briketeri ba za ta sake ganin ko bulo ɗaya ba sai bayan shekara goma."

"Sabiru fa?"

"Wata shida, shekara ɗaya, a tura shi garinsu. Zan kula da matarsa. Kai kuma ka tsaya a gaban madam ka ce sawu ya nuna an fita da kaya, shi ke nan. Ai ba ƙarya ka yi ba, an fita da kaya." Ya dafa gwiwar Mu'azu. "Makullin farko na Jaratu ne, na yi maka alkawari. Tsohuwar nan damina nawa kake ganin ta rage mata a cikin katakon can?"

Mu'azu ya ture hannun. So yake ya shaƙe wuyan rigar nan mai aiki har sai idanun sun firfito. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san mutumin bai yi ƙarya a kan gwamnati ba.

"Kai ka ci, mu za mu rufa maka asiri, har ka yi mana gori da makulli? Allah ya isa, Alhaji. Allah ya isa tsakaninmu da kai."

"Ka je ka yi tunani dai. Ka gaishe da Yaya."

Ya je rumfar da magariba da niyyar ya faɗa mata komai. Ya tarar tana ta lissafa wa wata maƙwabciya inda za ta sa gado da inda za ta sa randa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya ce dama wucewa yake yi. Shi da ya sha tarar ɓarayin shanu a daji da sanda kaɗai, ya kasa buɗe baki a gaban tsohuwa, ya juya ya tafi.

* * *

Litinin da hantsi shantiye ya cika. Ga iyalan nan ashirin da huɗu, ga mai unguwa, ga Babba da 'yan pus ɗinsa, ga Sabiru an kawo shi da igiya a hannu, ga ɗan sanda ɗaya da aka kira ya tafi da shi. Madam ɗin da gwamnati ta turo, wata siririyar mace mai tabarau, ta zauna a kan benci da dosiye a cinya, wani ma'aikacin meri na yi mata tafinta.

Alhaji ya yi jawabi da Faransanci mai daɗi, har da dafa ƙirji. Sannan ya ce ga masanin sawu da duk Yawunde ta sani, zai tabbatar.

Mu'azu ya fito. Bai kalli inda Yaya Jaratu take ba.

"Babba, ɗora buhu goma na yashi a pus ɗinka, ka gangara mana."

Babba ya ɗora, ya gangara yana karkacewa, diddigensa na huɗa ƙasa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Mu'azu ya ɗaga robar da ke kusa.

"Madam ta dubi wannan, ta dubi wancan. Na Babba ya nutse, ya yi gwame-gwame. Na ranar Juma'a ya miƙe sak, bai nutse ba, kuma sau shida ne kacal. Wanda ya tura shi bai taɓa dako ba a rayuwarsa. Takalmin ofis ne a ƙafarsa, lamba arba'in da biyu. Zakiyyu, ina baƙin takalminka da kake yi mana ƙwas-ƙwas da shi kullum? Tun Juma'a a silifas nake ganinka."

Zakiyyu ya dubi kawunsa. "Kawu..."

"Rufe mini baki!" in ji Alhaji. "Takalmi shaida ne? Mutum nawa ke da irinsa a garin nan?"

"Gaskiyarka," in ji Mu'azu. "Mu shiga ciki."

Ya nuna wa madam shatin buhu arba'in, ya nuna mata gindin ganguna, sannan ya kai ta kusurwa ya nuna gurbin. Ya yi bayanin kwana ashirin da ɗaya. Tafinta bai gama juyawa ba ta cire tabarau, ta ce ta gane, uwarta ma tana kiwon kaji. Sai hayaniya ta ɓarke kamar an watsa ruwa a mai.

Alhaji ya ɗaga murya ya danne ta. "Ɓawon ƙwai! Da ɓawon ƙwai za a ɓata mini suna? Shi kaɗai ya shiga nan ranar Asabar, wa ya san abin da ya zo da shi a aljihu? Kazar wa? Ina mai ita? Ta fito ta faɗa!" Ya juya ga jama'a, idonsa jawur. "Amma kowa ya sani, in maganar nan ta shiga takarda, an rufe dosiye. Ba ɗaki, ba falo, ba komai. Madam, ƙarya na yi?"

Aka juya mata. Ta ce in kuɗin farko bai je inda aka ce ya je ba, doka ba ta ba ta ikon sakin na biyu ba. Za a dakatar da aikin har a gama bincike, kuma ba za ta yi musu ƙaryar cewa ta san ranar gamawa ba.

Nan fa hayaniyar ta sauya. Waɗanda ke zagin Alhaji yanzun nan suka yi laƙwas. Wani dattijo daga cikin masu lis ya ce a hankali, "Malam Mu'azu, a bar maganar nan mana. A yi sulhu a cikin gida." Wata mata ta ce, "Ina ruwanmu da wani Bakatsine? 'Ya'yana biyar a ɗakin girkin mutane suke kwana!" Sabiru ya sunkuyar da kai.

Mu'azu ya juya. Dole ya juya. Yaya Jaratu na tsaye a jikin shinge da mayafinta mai ruwan toka, kuma daga yadda take kallonsa ya san ta riga ta gane komai.

"Yaya," ya ce. "Kazar wa ce ta yi kwanci a nan?"

Ta dubi harsashin ginin da ya tsaya iya gwiwa, ta dubi igiyar da ke hannun Sabiru. Matan da ke gefenta suna ta taɓa ta, suna raɗa mata ta ce ba ta sani ba.

"Tawa ce," ta ce. "Wake-wake. Ta ɓata ranar sunan jikar mai unguwa, duk layin nan sun ji bakina a kanta. Ta fito ranar Juma'a ana salla, da 'ya'ya bakwai, ta ƙasan katakon can. Suna rumfata, wanda ke so ya je ya ƙirga." Sai ta nuna Alhaji da yatsa. "Kai kuma Baha'u, na san uwarka, tare muka yi tallan fura. Ka ci ɗakina, ka ci na marayun nan, ka zo kana yi mana wa'azi da turare a jiki. Ba zan yafe ba, ko a gaban Allah. Ku kwance yaron mutane!"

Ɗan sandan da kansa ya kwance igiyar. Zakiyyu ya fashe da kuka yana cewa shi aike shi aka yi, gangunan ma suna bayan garejin kawunsa. Madam ta rufe dosiye, ta sa a jaka.

* * *

An tafi da Alhaji da ɗan ƙanwarsa da azahar. Kafin la'asar an ga motarsa a ƙofar gidansa, wai an ba da shi beli. Shantiye kuwa aka zagaye ƙofarsa da sarƙa, aka manna takarda mai hatimi.

Mu'azu ya ratsa unguwa, ba wanda ya ce masa sannu. Dattijon nan da ya nemi sulhu ya gan shi ya tsallaka ɗaya gefen titi. Wata ta tofar da yawu daidai inda zai taka. Maimakon su tsine wa Alhaji, a'a, shi ne ya zama abin tofa wa yawu! Sabiru kaɗai ya biyo shi yana ta godiya yana kuka, har Mu'azu ya daka masa tsawa ya ce ya tafi wurin matarsa.

Ya sami Yaya Jaratu a bakin rumfa, zaune, hannuwanta a cinya. Ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda yake yi tun yana yaro in ya yi laifi.

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Asabar."

"Tun Asabar. Ka zauna a nan ina yi maka zancen akurki, kana ce mini to. Ka dawo jiya ina rabon inda zan sa gado, ka ce wucewa kake yi." Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ka san shekaruna, Mu'azu. Ka san ba zan ga ranar da za a sake buɗe takardar nan ba."

"Na sani."

"Kana tsammani da ka faɗa mini a ɗaki, cewa zan yi a kai ɗan mutane kurkuku don in sami bango? Ni na raine ka, haka ka ɗauke ni? Abin da na faɗa yau shi zan faɗa. Amma da ka ba ni dare ɗaya in yi kukan ɗakina ni kaɗai, in wanke fuskata, in fito. Sai ka tsayar da ni a gaban duk Briketeri, ka sa na rushe shi da bakina, kowa na kallo."



Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. Ya yunƙura zai kama ta, ta janye hannunta.

"Tashi ka tafi gidanka. Yau ba na son ganinka."

"Gobe fa, Yaya?"

Ta shiga, ta jawo ƙyauren katakon, ya ji ta sa sakata. Ya jira ko za ta amsa daga ciki. Can sai ya ji kukan ya fara, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ba ya son a ji. Ya miƙe ya matsa can bakin hanya inda sautin ba zai kai kunnensa ba, ya zauna a kan dutse, ya kasa tafiya gida.